Kada a gwada gyara a kan jama'a

Duk wanda ya zauna a ɗakin kwamfuta na sashenmu ya san maganar nan: "Ai a kwamfutata yana aiki." Da ita ake kare furojet, da ita ake cin maki. Ra'ayina, kuma na san wasu 'yan ajinmu za su ji haushi, shi ne duk furojet ɗin manhaja da bai nuna inda aka gwada shi ba, da hanyar komawa baya idan ya ɓaci, bai cancanci maki ba.

Ku tuna jarrabawar JAMB ta 2025. An yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai isa wasu sabobin ba, kuma ba a gano ba sai da sakamako ya fito. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas abin ya shafa. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, har hawaye ya yi a gaban 'yan jarida, aka sake wa yaran jarrabawa. Kafin wannan, ranar 19 ga Yuli 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura wa abokan cinikinsa wani ɗan sabuntawa a lokaci guda. Kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows suka tsaya cak, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda.

Abin takaicin shi ne maganin tsoho ne. Manyan kwamfutocin nan na IBM da ake kira menfirem, waɗanda manyan bankuna da kamfanonin jiragen sama na duniya ke aiki da su, ana raba inji ɗaya ne gida-gida, kamar gidan haya. Sashe ɗaya na riƙe da kuɗin mutane na gaske, wani sashen na gwaji ne, kowanne da tsarinsa, ba mai leƙa wani. Injiniya zai kwafo bayanai zuwa sashen gwaji, ya sauya sunaye da lambobin asusu don kare sirrin jama'a, ya ɗora gyaran, sannan ya sake gudanar da cinikin jiya gaba ɗaya ya ga ko lissafi ya fito daidai. Sai ya gamsu ake kai gyaran sashen gaske, galibi da tsakar dare, tsohuwar manhajar kuma tana ajiye a gefe ko da za a buƙace ta. Manoman rani na wajen Tiga ma haka suke yi da sabon iri: 'yan kunyoyi kaɗan tukuna, su ga kamun ludayinsa.

Mu 'yan Kano ta Kudu mun san wanda ke biyan kuɗin ganganci. A watan Oktoban 2024 da GTBank da Zenith suka sauya babbar manhajarsu, masu ajiya sun yi kwanaki suna kuka. To ka ɗauki mai POS a kasuwar Tudun Wada ana tsakiyar kakar shinkafa, ko a Kwanar Ɗangora, an cire kuɗin mutum amma ba su shigo ba. Shi za a riƙe wa wuyan riga, ba injiniyan da ke Legas ba. Ko ɗalibin da ya taso daga Riruwai, ya keto dajin Falgore don yin rajista, a ce masa ana gyaran fotal, ya dawo jibi. Kuɗin motar fa?

Za a ce makaranta ba ta da menfirem. Gaskiya ne, ba ma kuma buƙatarsa. VirtualBox kyauta ne, zai raba maka tsohuwar laftof gida biyu. Git kyauta ne, zai mayar da kai inda kake jiya. Abin da babu shi ne malamin da zai tambaya ranar kare furojet. Kuma wallahi wajen SIWES ana miƙa wa ɗalibi kwamfutar ofis da bayanan mutane a ciki, bai taɓa jin an ce kwafi tukuna ba.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta kai wa hukumar makaranta buƙata biyu a wannan zangon: a ware maki na musamman ga gwaji a kowane furojet na manhaja, sannan duk gyaran da za a yi wa fotal a gwada shi a kwafi, a kuma sanar da ranar tun da wuri, kada ta faɗo cikin makon rajista.