A Bar Ƙannenmu Su Taɓa Kimiyya da Hannunsu

Dogon hutu ya kusa, kuma mun san abin da ke jiran ƙannenmu 'yan firamare a lesin ɗin hutu: kwafar rubutu daga allo har yatsu su yi ciwo. Mu ma haka muka yi. Mun haddace cewa shuka na buƙatar haske, amma da aka tambaye mu dalili a aji ɗaya, sai muka yi tsuru-tsuru.

Shawararmu ita ce a ba kowane mako jigo guda. A makon shuka, kowane yaro ya shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana, ɗaya cikin kwali mai duhu. Bayan kwana 10 zai ga na duhun ya zanƙale, ganyensa ya koɗe. A makon launi, a matsa lemon tsami a zoɓo, jansa ya ƙara haske; a sa kanwa, ya rikiɗe ya yi duhu. Abin da yaro ya gani da idonsa ba ya mantawa.

Wasu za su ce babu ɗakin gwaji. To, nawa ne wake da gwangwani? Malamanmu, ku ara mana aji ɗaya, ku tsaya mana. Mu za mu kawo kayan, mu kula da ƙananan.