Kafin A Kwashe Kaya Daga Ikko

Ba baƙon abu ba ne a ji ɗan Arewa da ya shekara ashirin a Agege ko Idi-Araba yana cewa Ikko ta ishe shi. Ɗaki ɗaya ga iyali duka, kuɗin haya na shekara a dunƙule, yara ba su da wurin wasa sai bakin kwata. Wasu kuma abincinsu ya tsaya tun da aka hana acaba a wasu sassan birnin cikin 1922 da ɗari, watau 2022. Abin da kowa ke muradi shi ne ɗan ƙaramin gari inda zai sami fili, ya yi gona, ya ɗaure tumaki, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida da yamma ya sha iska.

Wannan buri ba laifi ba ne, garuruwan kuwa akwai su. Shagamu tana da Sabo wadda fataken goro suka daɗe da kafawa. Wanda ya fi son ƙasa mai kama da ta gida sai ya nausa arewacin Jihar Oyo, wajen Iseyin da Saki, inda kurmi ya janye, ciyawa ta buɗe, doya da masara da rogo suke yi sosai.

Amma kuskuren da jama'a ke yi shi ne zaɓen gari da ido. Mutum ya je da damina, ya ga kore shar, ya ji kuɗin fili bai kai hayar shekara a Ikko ba, sai ya biya a ranar. To, wa ya sayar masa? A ƙasar Yarbawa fili yawanci na dangi ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma cinikin da shugaban dangi da manyansu ba su sa hannu ba, wata rana sai an tayar da shi. Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama. Rasit da aka rubuta a gindin bishiya ba ya maye gurbin waɗannan.

Mai niyyar kiwo kuma ya sani Jihar Oyo ta kafa dokar hana sakin dabbobi cikin 2019, Ogun ta bi baya cikin 2021. Wanda ba shi da halin shinge da sayen harawa, gara ya tsaya ga noma.

Abu mafi nauyi shi ne zaman lafiya. Ba a manta da abin da ya auku a Shagamu cikin Yulin 1999 ba, ko na Ile-Ife cikin Maris 2017, ko yadda aka kori Fulani daga Igangan a farkon 2021. A babban birni baƙo yana ɓacewa cikin taro. A ƙaramin gari kowa ya san gidansa da gonarsa. Saboda haka kafin a tambayi kuɗin fili, a tambayi yadda Sarkin Hausawa yake da Bale, wa ke sasanta rikici in akuya ta shiga gonar wani, kuma ko mutanen gari suna zuwa suna da jana'iza a Sabo.

Ya kamata magidanci ya fara kama hayar ɗaki, ya ari gona, ya yi damina ɗaya da rani ɗaya shi kaɗai, ya ga ko rijiya tana ƙafewa cikin Fabrairu, ko hanya tana biyuwa cikin Yuli, da nisan asibiti in haihuwa ta zo da dare. Iyali su zauna inda suke tukuna, shagon Ikko kuma kada a sayar da shi sai an ɗauki amfanin farko.