A Bar Yara Su Je Wikki

Ina so in yi amfani da wannan fili in faɗi ra'ayina game da maganar da ta raba kan iyaye a taronmu na ƙarshen zango, wato shawarar kai 'yan aji biyar da shida yawon buɗe ido zuwa Yankari, su ga namun daji, su yi wanka a ruwan Wikki. Wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce. Wasu sun ce ruwa ba abin wasa ba ne. Wani dattijo kuwa cewa ya yi, "Malam, karatu muka kawo su, ba iyo ba." Ni dai ina cikin masu cewa a je, kuma ga dalilina.

Ya ku iyaye, mu faɗa wa kanmu gaskiya. 'Ya'yanmu suna shiga ruwa, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Ranar Alhamis da Juma'a, da ba mu da makaranta, ku gangara bakin kogin Challawa ko kududdufan unguwa, ku ga su waye a ciki. Wane irin ruwa ne kuwa? Kowa ya san majemu da masana'antun Challawa da Sharada ruwan aikinsu kogin nan yake gangarawa, kamar yadda na Bompai yake bin Jakara. Hancinmu ma ya ishe mu shaida. Bara wani ɗalibina ya yi kwana da kwanaki yana fitsarin jini, ya ɓoye don kunya. Tsargiya ce, cutar da ake ɗauka a ruwan da ƙananan dodon-koɗi suke zaune. Kowace damina kuma sai mun ji an tsamo wani yaro daga kududdufi, inna lillahi. Ashe hanin da muke yi bai raba su da ruwa ba, mu ne ya raba da su a lokacin da suke cikinsa.

Ni nake karantar da Ishmawi. A babin ruwa nakan ce wa yara a duba abu uku: launi, ɗanɗano da wari. Idan na tambaye su misalin ruwan da ya canja, hannu ashirin ke tashi, don kullum suna tsallake shi a hanyar makaranta. Amma da na ce wa ya taɓa ganin ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau, yadda Allah Ya halicce shi? Shiru. Ruwa mai tsabta a wurinsu shi ne na leda ko na jarkar mai garuwa. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

To, irin wannan ruwa yana Wikki. Yankari tana Jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma gandun daji na tarayya, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi. Ruwan Wikki yana fitowa ne daga gindin wani dutse, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31, da sanyi da zafi, dare da rana. Mutum yana tsaye yana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarsa. A dajin akwai giwaye, da ɓauna, da birai masu fizge abinci a hannun wanda ya yi sake. Yaron da ya ga wannan, sannan ya dawo ya dubi namu kogin, zai san cewa ba haka Allah Ya yi shi ba, hannun mutum ne ya ɓata. Watakila cikinsu ne za a sami wanda zai gyara gobe. Kuma ai Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa don lura, an kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo.

Sai dai masu ƙi ba su rasa hujja ba, kuma dole a saurare su.

Na farko, hanya. A nan na saɓa wa kwamiti, da suka ce a je a dawo rana ɗaya don rage kuɗi. Daga Kano zuwa Bauchi wajen kilomita 300 ne, daga Bauchi zuwa Wikki kuma fiye da 100. Ko an tashi bayan Asuba, sai Azahar a isa, a dawo cikin dare da direba gajiyayye. Ban yarda da wannan ba. A kwana a Bauchi, a yi sammako a shiga dajin, a wuni, a fito kafin Magariba, gari ya waye a kamo hanyar gida. Kafin a sa rana kuma a tambayi halin tsaron hanya daga waɗanda suka sani.

Na biyu, ruwan kansa. Kyansa ba ya hana shi cin mutum, don akwai wurin da ya sha kan babba. Ba yaron da zai shiga sai malami biyu da suka iya iyo suna ciki, wani yana tsaye a baki yana ƙirga kawuna. A shiga rukuni-rukuni, goma-goma, a gefen da bai wuce ƙugu ba. Wasu sun kawo shawarar matsirgar ruwa, irin ta Gurara a Jihar Neja ko ta kusa da Kafanchan. Waɗannan na kallo ne, ba na wankan yara ba, balle da damina, ga santsin dutse, ga ƙarfin ruwa.

Na uku, sutura da cakuɗa. Wikki wurin jama'a ne, ba mu ke da iko da shigar kowa ba. Saboda haka kada a je lokacin bikin Sallah ko ƙarshen mako. Maza su sa wando mai rufe gwiwa. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya, su ma bayin Allah ne masu ido. A ware musu tasu tafiyar tare da malamai mata da wasu iyaye. In an sami kewa su shiga da suturarsu, in ba a samu ba, su yi kallo, su yi alwala, ya wadatar.

Na huɗu, kuɗi. Na san yawancinmu albashin kamfani muke jira, wasu ma kamfanin ya rufe. Kada a ce a biya tashi ɗaya. A buɗe asusu tun yanzu, kowane mako yaro ya kawo abin da ya sawwaƙa, a rubuta. Masu hali su ɗauki nauyin marayu. In har za a bar wani yaro a gida don rashin kuɗi, to ni ma na fasa.

Ku kuma ɗalibai, kun ji ina tsaya muku. Sharaɗina ɗaya ne: daga yau kada in sake jin an ga ɗayanku a kogi ko kududdufi. Wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa, ya gaya wa babansa ko malaminsa a kai shi asibiti, akwai magani, ba abin kunya ba ne.

Iyaye, kwamiti zai sake zama farkon zango mai zuwa. Ku zo da kanku, kada ku aiko. Allah Ya tsare mana zuriya, Ya sa mu dace. Wassalam.

Malamin Fiƙihu na aji biyar