Wa Ke Ciyad Da Mawaƙi?

Akwai wata magana da ta zama kamar gaisuwa a bakinmu, watau wai waƙar Hausa ta lalace. Kowa ka tambaya sai ya ce mawaƙan yanzu ba su san kome ba sai soyayya da yabon 'yan siyasa, sa'an nan ya kawo maka sunan Narambaɗa ko na Shata don ya nuna maka nisan da ke tsakanin jiya da yau. Ni ban zo musun cewa akwai nisa ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ra'ayina shi ne, kafin mu tuhumi mawaƙi a kan abin da ke fitowa daga bakinsa, ya kamata mu fara tambaya wa ke sa abinci cikin bakin nan.

A ƙasar Hausa ta dā kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da jima, kuma kusan kowace ƙungiya tana da makaɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma wadda a ke kaɗa musu ran gayya, 'yan bori suna da garaya da goge, 'yan dambe da 'yan kokawa su ma suna da nasu. Fada kuwa ta keɓe wa kanta tambari da kakaki da algaita, da makaɗan kotso da taushi da jauje. Ka ga ke nan kowane makaɗi ya san ubangidansa. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Makaɗin fada irinsa, rigarsa da dokinsa da hatsin gidansa daga hannun sarki su ke fitowa, shi kuwa abin da zai biya da shi shi ne ya ɗaukaka sarki, ya jero kakanninsa, ya yi wa 'yan sarki masu haƙon gadon sarauta zambo da habaici. Hausar Narambaɗa ta kai matuƙa, ba mai ja. Amma kada kowa ya shiga waƙoƙin fada yana neman kukan talaka a kan haraji ko jangali, gama ba don wannan a ka ba da dokin ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Haka Ɗan Anace, bai zama gwanin waƙar Shago ba sai don filin dambe shi ne gonarsa.

Ashe su ma waɗanda mu ke bege, mai ciyad da su su ka yi wa waƙa. Sai dai fa masu ciyarwa na wancan zamani suna da kunne. Bafade ya san Hausa, yana zaune yana auna kowace kalma, kuma sarki ba ya kwance wa makaɗi doki a kan magana mara gishiri. Ina zaton wannan na cikin abin da ya wasa harshen makaɗan fada har ya yi kaifi.

Masu waƙar da su ka iya gaya wa masu mulki gaskiya tsirara a da, galibi waɗanda ba su jiran kyautar kowa ne. Malaman jihadin 1804 sun soki kaɗe-kaɗen banza, duk da haka Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa su ka karantad da jama'a, cikin Larabci da Fillanci da Hausa. Malam Sa'adu Zungur ma, da ya tashi yi wa sarakunan Arewa gargaɗi, ba ya tsammanin riga daga gare su.

Sa'an nan sai ga garmaho da rediyo, su ka kawo wani abu wanda ƙasar nan ba ta taɓa gani ba, watau makaɗi ya yi waƙa a ɗaki a Kaduna, a ji shi a Maraɗi da Kumasi a dare ɗaya. An buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, kamfanonin faifai irin su EMI su ka shiga ɗaukar makaɗan Hausa, daga baya kaset ya zo ya shiga kowace tasha da kowane teburin mai shayi. A nan ne ubangida ɗaya ya zama iyayengida dubu. Mamman Shata, wanda bai gaji kiɗa ba, ya ɗauki kalangun mahauta ya kai shi inda bai taɓa zuwa ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji, kuma da ya ke ba fada guda ke riƙe da shi ba, in an ɓata masa sai ya juya ya yi zambo ba ya jin tsoron a karɓe doki. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Amma wanda ya fi nuna abin da na ke nufi shi ne Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole. To, ku gaya mini, wane attajiri ne zai ba da kujerar Makka don a yabi yaron mota? Babu. Waƙa irin wannan ba ta rayuwa sai inda akwai dubban talakawa masu sauraro, da hanyar da kwabonsu zai taru ya komo wa mai ita, ko ta faifai, ko ta gayyatar wasa, ko ta gidan rediyo. Haka Barmani Choge ta Funtuwa, da ƙwaryar amada ta fito da maganar matan kulle waje, tana zuga su su nemi sana'a. Gwamnati ma ta gane amfanin abin, ta nemi makaɗa su faɗakad da mutane sa'ad da a ka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da sa'ad da naira ta maye gurbin fam a 1973.

Bayan wannan sai zamanin fim. An yi Turmin Danya a Kano a 1990, kafin shekara goma kuwa sana'ar ta cika gari. Mutanenmu sun daɗe suna kallon finafinan Indiya a sinima, kunnuwansu sun saba da saurayi da budurwa suna amsa wa juna waƙa. Da fim ɗin Sangaya ya fito ya yi kasuwa saboda waƙarsa, sai 'yan kasuwa masu sayen fim su ka gane inda riba ta ke, su ka riƙa neman fim mai waƙa da rawa. Fiyano guda a cikin sitidiyo ya ɗauke aikin makaɗa biyar da 'yan amshinsu, don ya fi araha. Yaro mai murya in ya shigo da waƙar noma ba mai saye, in ya shigo da ta soyayya a biya shi. Me ku ke tsammani zai kawo gobe? Waƙar soyayya ba daga sama ta faɗo mana ba, kasuwa ce ta yi odarta, mu ne kuwa kasuwar.

Duk da haka a zamanin kaset da faifan CD akwai saye da sayarwa, ko da ya ke masu kwafi na satar rabonsu. Wayar hannu ita ta zo ta rushe rumfar gaba ɗaya. Yau mutum ya kan miƙa wayarsa ga mai tura waƙa a bakin kasuwa, a cika masa ita da waƙa ɗari a kan kuɗi kaɗan, shi kuma ya tura wa abokansa goma kyauta. Kuɗin nan na mai turawa ne, ko kwabo ba ya isa hannun wanda ya biya sitidiyo. Akwai YouTube, akwai kuma Spotify wanda ya shigo Nijeriya a 2021, waɗansu kuwa suna samun rabonsu a can, musamman in waƙa ta yi tashe kamar yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta yi a 2020. Amma kuɗin YouTube daga talla ya ke fitowa, kuma kallon da a ka yi daga Nijeriya bai kai na Amurka ko Ingila tsada ba. Sauran mawaƙa fa, waɗanda ba su yi tashe ba? Ƙofa biyu ta rage musu, gidan biki da gidan ɗan siyasa. A gidan biki amarya da ango za a yaba. A gidan ɗan siyasa kuwa akwai mota da gida, kamar yadda a da akwai doki da riga. Watau na'urar da mu ke cewa ta ci gaba ce, ita ce ta komad da mawaƙi zaure yana jiran ubangida ɗaya, sai dai wannan ubangidan ba ya auna Hausa kamar bafade, abin da ya dame shi a ambaci sunansa a zagi abokin hamayyarsa kafin ranar zaɓe. Kowa ya san yadda waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara su ka cika Arewa a zaɓen 2015 da waɗanda su ka biyo baya. A 2020 ma ya nemi magoya bayan shugaban ƙasa na lokacin kowa ya aiko da naira dubu ɗaya don ya yi sabuwar waƙa, mutane kuwa su ka aika. Wannan ya nuna talaka na iya biya in ya so. Abin tambaya, me ya sa bai biya a yi masa waƙar tsadar taki ba?

Ga kuma tsoro ta ɗaya gefen. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, waƙa ma tana ƙarƙashinta. An kama Aminu Ala a 2009, an kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019, dukansu a kan an ce sun saki waƙa ba tare da izinin hukuma ba, jama'a da yawa kuwa su ka ɗauka abin da waƙoƙin su ka faɗa ne ya jawo. Ban ce kada a tsare tarbiyya ba, mu da za mu riƙe 'ya'yan mutane mun fi kowa bukatar haka. Amma yaro mai basira yana kallo. Ya ga mai yabo ya sami mota, mai suka ya kwana a tsare, ba sai an yi masa darasi ba.

Na san wani zai ce, ai mutum ba dabba ba ne da zai bi duk mai riƙe da dusa, mawaƙi yana da hankali, kuma za a tambaye shi gobe kiyama a kan harshensa. Gaskiya ne, ban kuwa wanke mai batsa ko mai zagin mutane don kuɗi ba. Amma laifi tudu ne. Mu da mu ka yi karatun allo an koya mana cewa cin haƙƙin ma'aikaci haram ne, kuma dokar haƙƙin mallaka da a ka sa wa hannu a 2023 ba ta zo da abin da malamanmu na zaure ba su riga sun faɗa ba. Ina roƙon kowane ɗayanmu, in an tashi daga karatun dare, ya buɗe wayarsa ya ƙirga waƙoƙin da ke ciki, sa'an nan ya ƙirga guda nawa ne a cikinsu mai su ya sami ko sisi daga hannunsa.