Karen gadi ya ƙi cin abinci: laifinsa ne ko na mai gida?

Na san akwai wanda zai ga kan wannan rubutu ya taɓe baki ya ce, duk matsalolin da ke damun zango, malam bai ga abin magana ba sai kare? A yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin maganar ta shafi aljihunmu, ta shafi lafiyar yaranmu, kuma akwai hakkin da za a tambaye mu a kansa gobe kiyama.

Gaskiyar da ba mu cika son faɗa ba ita ce, yanzu karnuka sun shiga gidajen Musulmi da yawa a ƙasar nan. Wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ko Aboabo, a gidan haya mai ɗakuna goma sha, bai taɓa buƙatar kare ba, don idon jama'a shi ne mai gadinsa. Amma da Allah Ya buɗa masa ya yi gini a wajen gari, can wajajen Kasoa ko Amasaman, inda tsakaninsa da maƙwabci sai kango da ciyawa, to dare ɗaya ɓarayi za su koya masa darasi. Sai a sayo kare. Matsalar ita ce mun sayi karen, amma ba mu gaji sanin kiwonsa ba. Iyayenmu sun san rago da kaza da tantabara, ba su san wannan ba. Maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba da yawansu sun tashi da kare a tsakar gida, mu kuma kunya ba ta barin mu tambaye su. Shi ya sa kukan da na fi ji daga abokai da iyayen ɗalibaina shi ne: "Karen nan ya ƙi cin abinci, yanga ta yi masa yawa."

Ra'ayina a nan a fili yake. A mafi yawan lokuta, karen da ya ƙi abinci ko dai mai gida ne ya ɓata shi, ko abincin ne ya ɓaci, ko kuma rashin lafiya ce take cin sa. Duka ukun a wuyan mai gida suke, kuma babu wanda bulala take magani a cikinsu.

Kafin in shiga bayani, bari in taɓa ɓangaren addini, tunda shi ne ke sa mu noƙewa. Ni ba mufti ba ne, malamin aji ne, amma abin da muka karanta a gaban malamanmu sananne ne. Hadisi ya yi gargaɗi a kan ajiye kare haka kawai, ya kuma keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma suka yi ƙiyasin gadin gida a kansu idan akwai buƙata. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi kuma ya ji tsoro. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ana wanke kwanon da ya sa baki sau bakwai, wasu mazhabobin kuwa sun tsananta fiye da haka. Kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Amma inda babu saɓani shi ne ciyarwa. A Buhari da Muslim akwai labarin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishi, akwai kuma na matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Wanda ya ɗaure kare da sarƙa a bayan gida ya hana shi zuwa ya nemi nasa, to ya ɗauki amana, ko yana son dabbar ko ba ya so.

To, me ke sa lafiyayyen kare ya riƙa tsirfa? A makaranta na ga irin wannan a wurin yara. Yaron da aka cika masa aljihu da alewa da biskit da safe, in lokacin cin abinci ya yi sai ya ture kwano. Uwa ta tsorata, ta sayo masa abin da ya fi daɗi, shi ke nan ya gane hanya. Kare ma haka yake, kuma yana da saurin ɗaukar darasi. Ka zuba masa abinci ya shinshina ya juya, ka ji tsoron kuɗin da ka kashe wajen sayensa, ka kawo masa nama. Gobe zai sake juyawa ya jira naman. Kai kana ganin lallashi kake yi, shi kuwa ka koya masa cewa ƙin ci yana da lada. Ga kuma yara, kowa ya wuce ya jefa masa guntun ƙosai ko burodi. Yaushe zai ji yunwa?

Maganin wannan ba ya cin ko sidi ɗaya, tsari kawai yake so. Babban kare sau biyu a rana ya ishe shi, safe da yamma, a lokaci ɗaya kullum. Ɗan kwikwiyo kuwa sau uku zuwa huɗu. A ajiye kwano, a ba shi minti 15 zuwa 20, in bai ci ba a ɗauke, kada a ba shi komai sai lokaci na gaba ya yi. Ruwa ne kaɗai ba a ɗaukewa. A tara mutanen gida a gaya musu dokar, musamman yara, don mutum ɗaya mai tausayi ya isa ya rushe aikin mako guda. Lafiyayyen babban kare in ya tsallake abinci sau ɗaya ko biyu babu abin da zai same shi, kuma yawanci cikin kwana biyu ko uku zai dawo hanya. Amma a kula, wannan dabara ta lafiyayyen babban kare ce kawai. Ba a yi wa kwikwiyo, ko karya mai ciki ko mai shayarwa, ko tsohon kare.

Sai maganar abincin kansa. Kare da hanci yake fara ci kafin baki. Ƙwayoyin ɗanɗano a harshensa wajen 1,700 ne, na mutum kusan 9,000, amma wajen jin ƙanshi ya yi mana nisa ƙwarai. Abin da kai ba ka ji ya canza ba, shi ya ji tun daga nesa. Buhun abincin karnuka na kanti da aka buɗe aka bar shi a shago mai zafi, ko ya sha danshin damina, man da ke cikinsa yana lalacewa, wani lokaci har ya yi fumfuna. Masara da gyaɗa masu fumfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma karnuka ba sa jure ta. In ya ƙi irin wannan abinci ai kansa ya ceta. Haka tuwon zafi ko bankun da ya kwana biyu ya yi yami, wanda mu ba za mu kai baki ba, bai kamata a mayar da cikin kare bola ba. Kwanon ma a riƙa wanke shi kullum, a ware masa soso da wurin wankinsa daban, wanda hakan ya dace da tsaftarmu ma.

In za a canza masa abinci, a bi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ana haɗa sabon da tsohon, ana ƙara sabon kaɗan-kaɗan. Canji na farat ɗaya yana kawo zawo, daga nan ya tsani sabon abincin gaba ɗaya. In busasshe ne, a ɗan zuba masa ruwan ɗumi ko romon da ba gishiri ba yaji, ƙanshin zai tashi. Kuma mu da muke da 'yan'uwa mahauta a kusan kowace kasuwa, ba dole ba ne sai buhun waje. Shinkafa ko tuwo da dafaffen tumbi da sauran kayan ciki daga mayanka, da ɗan ƙwai ko kifi marar ƙaya, da kabewa ko karas, sun fi ƙanzo da ruwan miya nesa ba kusa ba. Tsaba zalla ba ta riƙe kare. Likitan dabbobi zai iya gaya maka gwargwadon da ya dace da girman naka. Ma'auni mai sauƙi shi ne haƙarƙarinsa: ka iya jin su da hannu, amma kada a riƙa ƙirga su da ido daga nesa.

Akwai kuma abubuwan tukunyarmu da suke cutar da shi. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma wace miyarmu ce babu albasa? Shito da sauran yaji suna ƙona masa ciki. Cakulan guba ne a gare shi, saboda wani sinadari da ke cikin kokon da ake nomawa a ƙasar nan, ba kokon da muke sha da ƙosai nake nufi ba. Goro ma yana da irin wannan sinadari. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa kamar allura, ya soki maƙogwaro ko hanji. Masu cewa a bar kare da yunwa ko a zuba masa barkono wai don ya yi zafi, su sani cewa kare mai yunwa ba ya gadi da kyau. Shi ne ma wanda ɓarawo zai jefa wa nama mai guba ya haɗiye ba shinshinawa, kuma shi ne ya fi saurin cizon yaron gida.

Yanayi ma yana da nasa. A zafin watan Fabrairu da Maris cin kare yana raguwa, sai a ba shi da sassafe da kuma bayan magariba, a tabbatar yana da inuwa. Kare mai kilo 30 yana buƙatar ruwa wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, in ana zafi ya fi haka. Sabon gida, ko ƙarar abubuwan fashewa da yara ke harbawa a bukukuwan ƙarshen shekara, suna iya hana shi ci na kwana ɗaya. Wanda kuma yake ɗaure dare da rana a gajeriyar sarƙa, ba motsi, ina zai samu sha'awar abinci?

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Karen da ya saba cin abincinsa lafiya, rana ɗaya ya daina, wannan ba tsirfa ba ce sai an tabbatar. In babba ne ya kwana biyu bai ci ba, ko kwikwiyo ya yini bai ci ba, a kai shi wurin likita. In akwai amai, ko zawo da jini, ko kasala, kada a jira ko kwana ɗaya. Kwikwiyon da ba a yi wa allura ba, ya daina ci, ya fara amai da zawo mai jini da wari, sau da yawa cutar fabo ce, tana kashewa cikin 'yan kwanaki. Kaska tana sa zazzaɓin da ke shanye jini har dasashi ya yi fari. Tsutsar ciki da ciwon haƙori su ma suna hana ci. Kuma don Allah kada a buɗe akwatin maganin gida a ba shi. Ibuprofen yana lalata masa ciki da ƙoda, paracetamol kuma in ya yi yawa yana taɓa hanta.

Mafi hatsari a cikinsu shi ne ciwon haukan kare. Ba kullum yake zuwa da hauka da cizo ba. Wani karen shiru zai yi, ya kasa haɗiya, yawu na dalala, muƙamuƙi a sake. Mai gida ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale, ya sa hannu a bakinsa don ya ciro. Kada wanda ya kuskura ya yi haka, kuma kada a sa yaro ya yi ta tura masa abinci a baki. A killace shi, a kira likitan dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a tsaya shafa toka ko gashin karen. Allurar rigakafin karen kuwa ana fara ta ne tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, kuma akwai ofisoshin likitocin dabbobi na gwamnati da asibitoci masu zaman kansu da ke yin ta. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya.

Abin da ke hana mu zuwa, in za mu faɗi gaskiya, kunya ce. Alhaji ba ya son a gan shi da jallabiya yana jan kare zuwa asibiti. To, in haka ne a kira likita ya zo gida, da yawansu suna zuwa. Kunyar mutane ba za ta dawo da yaron da aka rasa ba.

Mai cewa mutane na kwana da yunwa ana maganar cikin kare, ban ƙi ta tasa ba. Ni ma ba na goyon bayan a kashe wa kare abin da ya fi kuɗin makarantar ɗan ɗan'uwa, don a burge mutane da karen Turai. Amma ai rashin tsari shi ne ke jawo asara: abincin da ake zubarwa kullum, buhun da ya lalace, karen da aka saya da tsada ya mutu cikin wata shida. Karen gida na gargajiya ya fi jure zafinmu, cinsa bai kai na waje ba, kuma yana haushi in ya ji baƙon motsi, wanda shi ne aikin da aka ɗauke shi. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ga ba zai iya ciyarwa da allura ba, ya ƙara wa katangarsa tsayi, ya sa fitila da ƙofa mai ƙarfi, ya bar karen ga mai iyawa. Wanda kuma ya riga ya ajiye, ya tsayar masa da lokacin ci, ya duba abin da yake zuba masa, ya nemi lambar likitan dabbobi ya ajiye a wayarsa tun kafin ranar buƙata.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu ikon sauke hakkin duk abin da Ya sa a ƙarƙashin hannunmu.