Ihu Bayan Hari: Kyuss da Masoyanta

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu sauraron kiɗan nan mai nauyi da ake kira stoner rock, wato rok ɗin da aka jingina wa masu shan wiwi. Wasu daga cikinsu sun yanke hukunci cewa Josh Homme maci amana ne, wai ya watsar da ƙungiyar Kyuss ya kafa Queens of the Stone Age don neman abin duniya. Mu kam ba mu yarda da wannan ƙazafi ba.

Ba mu musa cewa Kyuss ta isa. Samari ne daga Palm Desert a jihar Kalifoniya, waɗanda suka koyi sana'arsu a tsakiyar hamada, inda akan kai janareta a kwana ana kiɗa, babu tikiti, babu mai gadi. Homme ya sassauta tsirkiyar jitarsa, ya haɗa ta da amsa-kuwwar jita mai kaurin murya, har sautin ya zama kamar rugugin hadari. Faifansu Blues for the Red Sun na 1992 da Welcome to Sky Valley na 1994 su ne ma'aunin da har yau ake gwada na baya da shi. To, amma ina waɗannan masoya suke a lokacin? Ko da Metallica ta ɗauke su buɗe mata fage a Ostareliya a 1993, cinikin faya-fayansu bai taka kara ya karya ba, kuma a 1995 ƙungiyar ta watse. Sai da ta mutu aka fara yi mata kirari. Da Songs for the Deaf ya fito a 2002, Dave Grohl yana kan ganguna, duniya ta karɓe shi, sai masu tsarkin nan suka murtuke fuska. Laifinsa? Jama'a sun so shi, makaɗan kuma sun samu na tuwo.

Dubi kuma yadda suke yi da ƙungiyar Sleep ta San Jose. A 1996 ta naɗi Dopesmoker, waƙa guda ɗaya tal mai tsawon fiye da sa'a. Kamfanin London Records ya ƙi fitar da ita, ƙungiyar ta tarwatse. A 1999 aka fitar da ita a gutsure da sunan Jerusalem, sai a 2003 ta fito da sunanta na asali. Yau masoya sun mai da wannan labari abin tinƙaho, suna ba da shi da murmushi, kamar ba abincin mutum uku ne ya zube ba. Ko kuwa dai wahalar makaɗi ita ce gishirin miyarsu?

Abin dariya ma shi ne, asalin da suke karewa aro ne. Tun 1971 Black Sabbath ta shimfiɗa wannan hanya da Master of Reality, inda Tony Iommi, wanda injin masana'anta ya datse wa kan yatsu biyu, ya sassauta tsirkiya don rage raɗaɗi. Shi kansa Homme ya sha nuna ƙyamar sunan stoner rock da aka liƙa wa kiɗansa. Amma masu gadin ƙofa sun nace sai ya zauna a ƙarƙashin wannan suna, yana maimaita kiɗan da ya yi tun bai cika shekara ashirin ba.