Wa Ya Sāke Layukan Rajista?

Malaman makaranta da akawuna sun sani, ɓarnar da a kan yi wa littafin rajista iri biyu ce. Akwai ta mai kankare lamba ɗaya, wadda mai duba littattafai ya kan gane da ido. Akwai kuma ta mai yage shafi, ko ya sāke jan layukan littafin, har gurbin makin yara ya ɓace ɗungum. Don maganin wannan ne tun zamanin En'e a ke sa wa shafukan littafin kuɗi lamba.

To, yau rajista ta koma cikin kwamfuta, a rumbun bayanai, amma ɓarnar nan ta biyu ba ta tafi ko'ina ba. Da umarni ɗaya tak mai riƙe da mabuɗin rumbu zai share gurbin albashi duka, ko ya taƙaita gurbin suna, kuma babu tabon tawada da zai tona shi.

Masana sun yi wa abin dabara. A kan ɗana wani umarni a cikin rumbun, wanda Turawa suka ba sunan kunamar bindiga, mu kuwa muka ga tarko ya fi dacewa. Da zarar an ƙirƙiri jadawali, ko an canja shi, ko an rushe shi, sai tarkon ya tashi da kansa, ya rubuta sunan mai yi, da lokaci, da irin umarnin. Kamfanin Microsoft ya sa shi a SQL Server 2005, PostgreSQL kuwa ya samu nasa a 2013. Masu aiki da MySQL su lura, nasu tarkon bayanan ciki kaɗai ya ke tsaro, ba ginin jadawalin ba.

Amma fa kada ofisoshi su saki jiki. A PostgreSQL babban mai mabuɗi ne kaɗai ke iya ɗana tarkon, in kuwa ya kwance shi, tarkon ba ya ba da labarin kwancewar kansa. Ashe in littafin shaidar yana hannun wanda a ke tsaro, an ba kura ajiyar nama ke nan.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ofisoshin ilmi da na kuɗi, su sa a riƙa aika kwafin kowane layi na littafin nan zuwa wata kwamfuta dabam, wadda mabuɗinta ke wurin mai binciken kuɗi, shi kuma ya duba ta kowane ƙarshen wata kafin a biya albashi.